Mun iya karo-karo, ba mu iya tambaya ba: sharhi kan mutanen birni da lamarin unguwa

Duk shekara, da zarar zafin bazara ya fara sauka, hadari ya soma haɗowa daga gabas, mun san irin kiran da zai cika layin gidan rediyon nan. Kanibo ya toshe. Bola ta cinye rabin hanya. Wani mai hali ya zuba yashi da burji a ƙofar gidansa, ya juya ruwa zuwa gidajen maƙwabta. Ƙarshen kowane kira guda ne: ina meri take, me take jira? Tambaya ce mai kyau, kuma muna miƙa ta inda ya kamata. Amma akwai wata da mukan mayar wa mai kira kafin ya kashe waya: a layinku, an taɓa zama a kan maganar nan? To, nan ne ake yin shiru. In an samu amsa, ba ta wuce "ai wanga aikin hukuma ne", ko "mu ƴan haya ne", ko kuma "wa zai saurare mu?"

Ba wanda ya manta daminar 2024. A ƙarshen watan Agusta, ruwan da ya kai kusan milimita 150 ya sauka a Maradi cikin awa ɗaya da rabi, aƙalla mutum 15 suka rasu, gidaje suka zube, motoci da babura suka bi ruwa. Ƴan kwanaki bayan haka, ran 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a gaban idon jama'a. A faɗin ƙasa kusan mutum 400 suka rasa rayukansu, ruwa ya shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Ba mu ce kanibo ne kaɗai ya jawo wannan ba. Ruwa ne da ba a saba gani ba, gidajen laka kuma ba su jure shi, kuma Maradi ta daɗe da sanin halin ruwa: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon gari ta mayar da shi kan tudu. Amma duk wanda ya leƙa magudanan ruwan unguwarsu washegari ya ga abin da ke ciki. Leda, tsumma, robar ruwa, tsohuwar katifa, yashi. Ba daga sama suka faɗo ba. Akwai dokar da ta hana shigo da baƙar leda da sayar da ita tun 2014, amma ko yau da safe a cikinta muka ƙunso ƙosai.

Daga nan sai wasu su yanke hukunci: mutanen birni ba su da kishin gari, kowa ta kansa yake. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, kuma lissafi ne ya hana mu yarda.

Ku ɗauki magidanci guda a Bagalam ko Zariya a Maradi, ko a Garin Malam a Damagaram, ku ƙirga sau nawa ya sa hannu a aljihu cikin wata ɗaya don abin da ba na cikin gidansa ba. Gudummawar biki. Suna. Gaisuwar mutuwa. Kuɗin tabarma da na kuran ɗin masallaci. Kuɗin mai gadin layi. Maƙwabci an kwantar da shi a likita, an zaga da faranti. Katangar maƙabarta ta faɗi, an yi shela bayan sallar Juma'a, kafin la'asar an tara siminti. Matarsa kuwa tana cikin adashe biyu, ga anko, ga kwano da za a kai gidan haihuwa. Mutumin da ake cewa ba ya shiga harkar jama'a, rabin abin da yake samu a harkar jama'a yake tafiya. Kuma ba kuɗi kaɗai ba, har lokaci. Wane ne a cikinmu bai taɓa rufe shago ko ajiye kabu-kabu ba don ya raka gawar wanda ko sunansa na yanka bai sani ba?

Mata sun fi mu nisa a wannan fanni, gaskiya ɗaya ce. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta sun kwafe shi. Duk wanda ya taɓa zama gefe ya kalli taronsu na mako ya ga abin mamaki. Akwati da kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Ana buɗe shi a gaban kowa. Ana ƙirga kuɗi da ƙarfi, kowa na ji. Wadda ta makara ta biya tara, ko da matar mai unguwa ce. Wadda ta ci bashi an san ranar biya. Da yawansu ba su taɓa shiga lakwal ba, amma dala ɗaya ba ta ɓacewa ba a tambayi inda ta shiga ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan kuma aka zo babbar magana, maganar ƙasa, nan ma ba a bar mutanen birni a baya ba. Ran 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka yi tattaki zuwa ofishin firaminista saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma daga ranar muka samu ranar matan Nijar. A watan Maris na 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara, fulawa, sukari, ruwa da kuran, ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya kira zaman gida, kasuwanni suka rufe a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, sai da gwamnati ta ja da baya a kan mafi yawan kayan. A 2018 an sake fitowa kan dokar kasafin kuɗi, har aka kulle jagororin ƙungiyoyin farar hula na tsawon watanni. Bayan 26 ga Yuli 2023 kuwa kowa shaida ne: filin wasa na Seyni Kountché ya cika ya batse, matasa suka kwana a shataletale suna gadi, aka yi zaman dirshan a Escadrille dare da rana har sojojin Faransa suka kammala fita a watan Disamba. Ko mutum ya goyi bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ko bai goya ba, ba zai ce jama'ar da ta yi su ba ta san fita ba.

Kun ga ke nan muna nan a ƙasa, wajen dangi da masallaci da adashe. Muna nan a sama, wajen tuta da ƴancin ƙasa. Inda babu mu shi ne tsakiya: layi, unguwa, gari. Kanibo, bola, fitilar titi, filin makaranta da wani ya yanka ya gina shago, kuɗin tikitin kasuwa da ake karɓa kullum. Wannan tsakiyar ita ce marainiya, kuma ita ce ke kashe mutane idan ruwa ya zo.

Me ya sa? Dalilin farko tsoho ne. Kakanninmu sun san hukuma ta hanyar lanho da aikin dole na zamanin Nasara, wanda sai a 1946 aka soke shi. Abin da ke na hukuma ba naka ba ne, na wanda ke karɓa ne, sai dai ka kauce masa. Gayya kuwa tamu ce, amma gayyar ƙauye tana da sharaɗi: yau gonarka, gobe tawa, kowa ya san kowa, kuma wanda ya ƙi fita za a ga gonarsa ranar da ya kira. Zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an ɗauki samariya aka ba ta ƙarfi, aka gina azuzuwa, aka share tituna, aka shuka itatuwa. Iyayenmu na tuna lokacin da daɗi, kuma aikin da aka yi ba ƙarya ba ne. Sai dai umarni daga sama yake zuwa. Samari sun koyi fitowa idan an buga ganga, ba su koyi zama su ce ga abin da unguwarmu ke so, ga kuɗin da aka ware, ina ya tafi ba. Da gangar ta yi shiru, sai tsintsiya ta koma bayan ƙyaure.

Sannan garuruwan sun girma fiye da yadda zumunci zai iya riƙe su. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum dubu 267 a Maradi, Yamai kuma ta haura miliyan, kuma ba mai buƙatar a gaya masa yadda aka ƙaru tun daga lokacin. A tsofaffin unguwanni irin su Mokoyo, Ƴan Daka ko Limanci, mai unguwa ya san gida-gida, ya san kakan kowa. A sababbin filaye na bayan gari, inda aka yanka kare-kare aka sayar kafin a ja ruwa ko a haƙa magudana, maƙwabci bai san maƙwabci ba sai a sahun sallah. Ɗan haya yana ganin ba zai yashe kanibon gidan wani ba, tunda gobe ana iya ƙara masa kuɗi ko a ce ya tashi. Mai gidan kuma yana wata unguwa, ko yana Yamai, ko Kano, ba ruwansa da warin. Ɗan ci-rani jikinsa na birni, hankalinsa na ƙauye, can yake aika kuɗin gyaran rijiya. Ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya taɓa kiran sa taro a nan, in ba ranar karɓar haraji ba.

Akwai kuma masu fita daga matsalar da kuɗinsu. Ruwa ya yanke, an haƙa foraj a cikin gida. Kuran ya ɗauke, ga faranti mai hasken rana a kan rufi. Makarantar gwamnati ta cika, yara na ta kuɗi. Hanya ta lalace, an sayi mota mai tsayi. Ba haramun ba ne, halalinsu ne. Amma waɗannan su ne mutanen da idan suka ɗaga waya ake ɗauka. Ranar da suka daina buƙatar famfon layi, famfon ya rasa mai magana da yawunsa, aka bar shi da mata da ƴan ga-ruwa. Mutanen Damagaram, da suka shekara da shekaru suna bin jarka, sun fi kowa sanin wannan. Da yawa daga cikin masu halin nan suna alheri sosai, suna gina masallatai, suna raba hatsi da azumi, wasu ma sun buɗe famfo a jikin katanga don maƙwabta. Allah Ya saka. Sai dai kyauta daban, haƙƙi daban. Wanda aka ba kyauta godiya ce tasa, ba shi da bakin tambaya.

Siyasa ma ta yi nata ɓarnar. A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a duk faɗin ƙasa, aka ce an kawo mulki kusa da jama'a. Daga baya Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa suka samu matsayi na musamman, aka raba su gundumomi: biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maradi, biyu a Tawa. Doka ta ce zaman majalisar gari a buɗe yake, kowane ɗan gari na iya shiga ya zauna ya saurara. To, tsakani da Allah, mu nawa muka taɓa shiga? Mu kanmu ƴan jarida sai an gayyace mu buɗe taro, mu ɗauki jawabin magajin gari, mu fita kafin a fara maganar kuɗi. Takardun da Faransanci, muhawarar rabi da Faransanci, lokacin kuma ƙarfe goma na safe, sa'ar da mai neman na cefane ba ya iya barin teburinsa. Kansila kuwa jerin jam'iyya ne ya kawo shi, saboda haka uban jam'iyya yake kallo, ba mutanen layi ba. Mu kuma muka karɓi atamfa da sukari da ɗan abin shayi lokacin kamfe, muka ɗauka an biya mu. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa jika biyu, da wane baki zai tambayi kasafin shekara biyar? Dokar kaso ta ƙara wa mata kujeru, daga kashi 10 cikin ɗari a 2000 zuwa kashi 25 a 2019, abin a yaba ne, amma ba kasafai aka ɗauko matan nan masu ƙirga kuɗi da ƙarfi a gaban akwati ba.

Ga kuma al'adar da wasu ayyukan raya ƙasa suka shuka ba da niyya ba: taro sai da kuɗin zama. An saba idan an kira "wayar da kai" akwai lemo da ambulan a ƙarshe. Yau idan mai unguwa ya kira taro a kan bola, tambayar farko ita ce, akwai wani abu? In babu, sai ka ga tsofaffi biyar da yara.

Yanzu kuma yanayin ya sake. Zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshe shi ne na 13 ga Disamba 2020. A farkon Afrilu 2024 hukumomin ƙasa suka rusa majalisun gari da na jihohi, aka naɗa shugabannin riƙo, waɗanda ake ce wa AD, da yawansu masu kaki. A watan Maris na 2025, bayan babban taron ƙasa na Fabrairu, aka rusa jam'iyyun siyasa, aka tsayar da wa'adin shekara biyar na sake gina ƙasa. A kan layinmu mun ji ra'ayi iri biyu. Wasu sun ce gara haka, kansilolin ba abin da suka tsinana sai rabon filaye da rigimar tsige magajin gari, yanzu kuwa ana ba da umarni a ga aiki. Kuma gaskiya a wurare da dama an ga motocin kwasar shara sun fito, an buɗe hanyoyin da aka toshe shekaru. Wasu kuma sun ce, ko ba komai, da akwai wanda muka sani a unguwa, wanda za mu tare a ƙofar masallaci mu ce kai muka zaɓa.

Namu ganin shi ne: duka biyun suna da gaskiya, amma duka biyun sun tsallake abu guda. Shugaban riƙo, komai ƙwazonsa, wanda ya naɗa shi yake ba bahasi, kuma ana iya ɗauke shi gobe a kawo wani. Idan ya yi aiki, sa'a muka yi. Idan bai yi ba, ba mu da ranar da za mu hukunta shi da ƙuri'a. Saboda haka a wannan lokaci ne ma ya fi kamata a ce akwai wata ƙofa da jama'a za su bi su yi tambaya, tunda tsohuwar ƙofar, duk da ba mu cika bin ta ba, an rufe ta. In ba haka ba za mu koma gidan jiya: a buga ganga ranar Asabar mu fito da tsintsiya, a ɗauki hoto, a watse.

Kuma bayarwa dai muna bayarwa. Tun Oktoba 2023 da aka kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, ana cire dala biyu-biyu a harkar waya, ƴan kasuwa da ma'aikata da ƙungiyoyin mata har da ƴan makaranta sun kai gudummawa, ana nunawa a talabijin. Mai tebur a kasuwa na biyan tikiti kullum, mai shago na biyan patanti, ɗan kabu-kabu da mai adaidaita na biyan nasu. Wanda ya bayar da zuciya ɗaya bai yi laifi ba idan ya ce a gaya masa nawa aka tara a garinsa da abin da aka yi da shi. Wannan ba adawa ba ce, ba kuma rashin kishin ƙasa ba ne. Abin da matan akwati ke yi ne kowane mako. Mun san mutane na taka-tsantsan da baki, musamman tun da aka maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet a watan Yuni 2024, kuma mu ma ba mu goyon bayan ƙazafi da yaɗa ƙarya a WhatsApp. Amma tsakanin zagin mutum da tambayar kuɗin kwasar shara akwai tafiya mai nisa. Shugaban da ya san aikinsa, tambayar nan taimako ce gare shi, domin ita ce za ta nuna masa inda na ƙasa da shi ke cin amanarsa.

Bari mu tsaya kaɗan a kan fada, domin duk wanda ke maganar unguwa bai sa fada a lissafi ba, wasa yake. Tun shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya ƙafe kuma gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, fadodi suka yawaita, kuma rediyo na da hannu a ciki: sunan fada a gaishe-gaishen dare shi ne takardar shaidarta. Yau ba layin da babu benci, butar shayi da suna a jikin bango. Manya na kallon su a matsayin ƴan zaman kashe wando. Wasu haka ne, ba musu. A Damagaram ma an ga yadda wasu suka rikiɗe suka zama "palais", da ƙarfe da faɗa, abin da fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder na 2021 ya nuna daga cikin Kara-Kara. Amma ku tambayi kowace unguwa: wa ya fara shiga ruwa ya ɗauko tsofaffi da yara a daren ambaliya? Wa ke gadin layi lokacin da ɓarayin babura suka addabi mutane? Wa ke sassabe maƙabarta kafin azumi, wa ake kira idan ana neman jini a likita da tsakar dare? Su ne. Fada na da shugaba, da ma'aji, da karo-karo, da dokar tara. Ƙungiya ce cikakkiya, rajista kawai ta rasa.

Abin takaicin shi ne yadda muke amfani da su. Ɗan siyasa ya zo da sukari da shayi ya ɗauki ƙarfinsu ya tafi. Hukuma ta zo da felu da buruwet ranar tsabta ta ɗauki ƙarfinsu ta tafi. Ana neman damtsensu, ba a neman kansu. Ba mu cika jin an kira shugabannin fadodin wata gunduma an shimfiɗa masu taswira an ce, ga kuɗin da muke da shi, ba zai isa ko'ina ba, ku da kuke kwana a titi ku nuna mana inda ruwa ke taruwa ba. Alhali sun fi injiniya sanin wannan. Yaron da aka tambayi ra'ayinsa kan kanibo, da wuya ya bari a sace murfin ƙarfensa.

Maganar murfi ta tuna mana da bukukuwan 18 ga Disamba. Maradi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018: an zuba biliyoyi, an yi kwalta da pabe, an kafa fitilu, an gyara shataletale. Gari ya yi kyau, ba mai musu. Amma ba a zauna da mutanen layin an ce daga yau wannan naku ne, ga wanda zai kula, ga inda za ku kai ƙara ba. Shekaru kaɗan sai ga fitila ba batir, yashi ya rufe kwalta, magudana ta zama bola. Muna wucewa muna cewa "kayan gwamnati". Da tabarmar masallaci ce aka ɗauka, da unguwa ba ta kwana ba.

Mu ma a gidajen rediyo sai mun karɓi namu kason. Awa nawa muke ba gaishe-gaishe da sanarwar biki da tallan maganin gargajiya, minti nawa muke ba kasafin kuɗin gari? Dalilin ba ɓoyayye ba ne, na farkon ke biyan kuɗin kuran da ɗan abin da ma'aikata ke samu. Kuma shirin kiran waya, duk da amfaninsa, yana iya zama wurin sauke haushi kawai: mutum ya kira, ya faɗi, ya ji sanyi, ya ɗauka ya yi nasa. Mu kuma mu ce "an ji, da fatan hukuma ta ji", mu sa kiɗa. Sati mai zuwa ba mu koma mun tambaya ko an yi ba.

Abin da muke ganin zai yiwu ba ya buƙatar sabuwar doka ko kuɗin waje. Shugaban riƙo na kowace gunduma zai iya liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata uku a ƙofar meri da bakin kasuwa, da Hausa, da boko da ajami, ya kuma zo rediyo ya karanta da bakinsa ya amsa kira. Wasu sun fara zuwa, muna yaba masu, amma a mayar da shi ƙa'ida, kada ya tsaya ga halin mutum ɗaya. Mai unguwa zai iya kiran taro bayan la'asar ko bayan isha'i maimakon safiya, ya aika wa ƴan haya da shugabannin fada da shugabar matan adashe takanas, ba masu gida kaɗai ba. Limamai, da suka iya tara kuɗin katangar maƙabarta cikin yini ɗaya, za su iya tuna wa jama'a cewa kawar da ƙazanta daga hanya ma ibada ce. In za a yi asusun layi, to a yi shi irin na mata: kwaɗo uku, ƙirga a fili, kuma a ba su makullan, don mun ga asusun unguwa da yawa da suka mutu a aljihun mutum ɗaya, kuma irin wannan mutuwar ce ke sa in an sake kira ba mai fitowa.

Akwai abin da ƙarfin unguwa ba ya kaiwa, wannan ma a faɗe shi. Matasa na iya yashe kanibo tun daga safe har azahar, amma yashi da ledar da suka fitar sai mota ta kwashe. Sau nawa muka ga an tara su tsibi-tsibi a bakin magudana, sati biyu ba wanda ya zo, ruwan farko ya mayar da su inda suka fito? Wanda ya ga haka sau biyu ba zai fito na uku ba, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Saboda haka tambayoyin da za mu kai wa hukumomin gari kafin ruwa ya sauka guda uku ne, kuma za mu karanta amsar a wannan tasha yadda aka ba mu ita, in ba a ba mu ba mu faɗa: motocin kwasar shara nawa ke tafiya a yau, wace rana za su bi wace unguwa, kuma wace lamba mai unguwa zai kira idan an gama yasa mota ba ta zo ba. Ku kuma, kafin ku kira mu a kan kanibon layinku, ku fara zama ko mutum goma ne, ku sa rana, sannan ku kira ku gaya mana ranar da sunan layin, mu sanar.